Mutumin da Ya Ara wa Wawa Fuskarsa

A Gummi ba a kwatanta Malam Lauwali Sambo da gidansu, da kunnuwansa ake yi. Allah ya ba shi su a wadace, ya ƙara masa da dogon wuya da wushirya. Mahaifinsa masunci ne, ya so ɗan ya gaji kwalekwale, amma in an aike shi duba koma sai a tarar da shi durƙushe a bakin gulbi yana zana kifi a kan yashi. Aka yi faɗa, aka yi duka, aka gaji aka ƙyale shi. Daga gawayi a bango ya koma fenti a rumfunan masu shayi, daga nan karatu ya ja shi har ya zama malamin zane a wata kwalejin horar da malamai.

Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum tana ɗibar yara, ma'aikatan lafiya suka zo masa da buƙata. Labari suke so cikin hotuna, a takarda guda, wanda ko mutumin da bai taɓa shiga aji ba zai gane: magidanci ya kawo dutsen zinariya gida, an daka a turmi, ƙurar mai gubar ta sauka a abincin yara. Malam ya zana, ya raɗa wa magidancin suna Na-Garaje.

To, hannun Malam bai iya ƙarya ba, fuskar da ya gani a kasuwa ita ke fito masa. Takarda na isa ƙauyen Sunke aka yi caa: "Wanga ai Makau na!" Makau, wani baƙo mai haƙar zinariya, ya hawo babur har Gummi ya yayyaga takardar a gaban Malam. Malam ya ba shi haƙuri, ya ƙirƙiro wata fuskar. Wannan karon aka ce Hammadu mai injin niƙa ne. Mutanenmu ke nan, a nuna musu gobara su tsaya musun da wa mai ashanar ya yi kama. Ga yara na ta ciwo, ba wanda ya kalli turmin.

Sai Malam ya ari madubin matarsa Saratu, ya jingina shi da randa, ya zana kansa. Kunnuwa, wuya, wushirya, bai raga wa kansa ko kaɗan ba. Daga ranar ba wanda ya ƙara fushi. Aka sha dariya, aka liƙa takardar a zaure da ɗaki, kuma sai ido ya kai ga abin da Na-Garaje ke aikatawa.

Shekara goma sha biyar Na-Garaje na tafka wauta da fuskar Malam: ya sha ruwan kududdufi, ya yi shingen lambu da gidan sauro, ya yi feshin ciyawa ba takalmi. A tashar Nasarawa Burkullu da wannan sunan 'yan kamasho ke kiransa, shi kuwa ya amsa da fara'a. Darasinsa na farko ga sababbin ɗalibai shi ne kowa ya zo da madubi. "Wanda bai iya yi wa kansa dariya ba," in ji shi, "kada ya taɓa fuskar wani."

Bai taɓa jin nauyin abin ba sai da aka sa ranar 'yarsa Mardiyya. Angon, Salim, ɗan Sunke ne, kuma mai faɗa a ji a danginsa ita ce gwaggonsa Sahura, wadda aka ce ba ta ɗaukar wargi. Tsoro ya kama Malam ƙwarai, kada a ce ɗansu ya ɗauko 'yar wawan takarda, a fasa auren ko a riƙa yi wa yarinyar gori. Ranar kawo lefe ya sulale tun da safe da niyyar wuni a kwaleji. Sai a hanya ya tuna ya bar makullin ofis a gida. Ya dawo da hantsi, ya yi kiciɓis da mata a ƙofar zaure, ya yi maza ya danno hula ta rufe kunnuwan.

"Tsaya, bawan Allah," in ji tsohuwar da ke gaba. Sahura ce. "Ɗaga hular ga in gani."

Ya ɗaga, don ba yadda zai yi.

"Kai na! Wallahi Na-Garaje na!" Ta yi dariya har da dafa bango. Malam ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Hajiya, zane na kawai," ya ce a sanyaye.

"Na sani. Shekara nawa kana liƙe ɗakina?" Sai dariyar ta ɗauke. "Ɗiya biyu nib bizne kahin takardarka ta iso. Ran da nig gane ka, nic ce ni ba ni zama matar wanga wawa. Nij jehwa duwatsun maigida waje, nit tsaya bakin ƙohwa da taɓarya."

Ta waiwaya ta jawo wata budurwa mai ɗauke da akwati. "Fatiha, aje kayan ga ki gaisai. Wagga ta nika goyo lokacin."

Fatiha ta durƙusa ta gaishe shi. Malam ya dube ta. Sai ya cire hular gaba ɗaya ya share ido da ita.