Garejin Orville Dombek

Shekara talatin da wani abu Orville Dombek ya yi yana gyaran injinan yanke ciyawa da na kwashe dusar ƙanƙara a garejin bayan gidansa. Shinge ɗaya ne ya raba mu, don haka na san kukan kowane inji, na kuma san zagin da yake yi wa kowanne. Bakinsa ba linzami, amma hannunsa na da albarka. In ka kawo masa injin da ka bar wa tsohon fetur, sai ya wanke ka tas kafin ya taɓa shi.

Da majalisar gari ta tashi sabunta tsarin filaye, aka ɗauko ƙwararru daga birni, aka yi ta taro da kofi da taswirori. Titinmu aka shafa masa launin ruwan ɗorawa a taswira, wato gidajen kwana kawai, ban da sana'a. Orville bai leƙa taron ba ko sau ɗaya. An gaya masa duk wanda sabuwar doka ta tarar yana sana'arsa ba a taɓa shi, kuma gaskiya ne. Abin da bai kama ba shi ne sharaɗin: in ka rufe shekara guda cur, wannan sassaucin ya mutu.

Ana haka ɓarin jikin matarsa Marlys ya shanye. Ba su da ɗa, ba su da jika. Ya ja ƙofar gareji ya rufe, ya koma ɗaki. Mutumin da ko ƙwai bai iya soyawa ba ya koyi girki, ya koyi wanka da juya mara lafiya, har taje gashi. Nakan kai musu miya in tarar yana ba ta a baki yana mita wai ta fi tsohon inji gardama, ita kuwa tana dariya da rabin fuska. A kaka ta biyu ta rasu.

Bayan jana'iza ya buɗe garejin. Ni da na yi shekaru ina ƙorafin ƙararsa, ranar da na sake jin ta sai da na yi hawaye. Ba a jima ba mai duba gine-gine ya zo ya ce a rufe, don garejin ya haura shekara ba a aiki.

Mu maƙwabta muka raka shi zaman hukumar tsara gari. Kowa minti uku ake ba shi, da fitila a gabansa mai nuna cikar lokaci. Orville ya fara da labarin Marlys, bai ma iso kan gareji ba fitilar ta yi ja. Muka tashi ɗaya bayan ɗaya muka roƙa. Shugaban zaman, Glenn Haugen, wanda Orville ya sha yi wa gyara, ya kasa ɗaga ido. Lauyan gari ya ce in an buɗe wa mutum ɗaya sai an buɗe wa kowa, sai dai a jira sabuntawa ta gaba, nan da shekara goma. Orville ya haura saba'in. Na ji haushi har wuya, amma ban ga wanda zan zaga ba, don kowa a ɗakin tausayinsa yake ji. Suka kaɗa ƙuri'a, suka ƙi.

A bakin ƙofa yarinyar da ke rubuta bayanan zaman ta biyo mu, tana so ta sanyaya masa rai.

"Baba, da ma ka tambaye mu tun farko," in ji ta. "Da ko yini ɗaya ka buɗe ka yi aiki a cikin shekarar, da duk wannan bai taso ba."

Orville ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Na ɗauka zagi zai yi, amma muryarsa a ƙasa ta fito.

"'Yata, wace rana ce a ciki zan bar ta ita kaɗai?"