Tsinken Tonon Asiri

Salamu alaikum masu wannan mujalla da masu karanta ta. A shekarun da zan ba ku labari ni mai kitso ce a wani ƙauye kusa da Badaguishiri, kuma gaskiya bakina ya fi hannuna suna. Mata kan cika rumfata, wasu don kitso, wasu don su sha dariya kawai. Ba abin da zai shigo garinmu ban raɗa masa suna ba, in kuwa na raɗa ya bi shi ke nan. Ina ji da wannan hali nawa ƙwarai. Wadda ta fi kowa shan bakina ita ce ɗiyar kawuna, taubashiyata. Kun dai san wasan taubasai, ka faɗa wa mutum abin da ka ga dama, shi kuma ba shi da damar fushi. Ita mace ce mai sanyin hali, kullum tana garkarta ta albasa, mijinta kuwa ɗan ci-rani ne, yakan yi watanni a Abijan.

Wata shekara da rani mutanen likita suka zo suka tara mu. Ungozomarsu ta nuna mana wani ɗan tsinke mai auduga a kai da 'yar kwalba. Ta ce mace da kanta za ta shiga ɗaki ta shafo ɗan danshi daga gabanta, ta sa a kwalbar ta rufe, ba mai buɗe mata zane. Ta ce wata ƙwayar cuta ake nema, wadda in ta daɗe ba a kula ba takan zama ciwon dajin bakin mahaifa. Mata da yawa sun yi murna, don abin da ke hana mu awo dama kunyar kwanciya gaban wani ce. Wasu kuma na tsoron ba za su yi daidai ba, ko tsinken ya karye a ciki. Ni kuwa duk bayanin nan abu guda kunnena ya kama, wai ta wurin kwanciyar aure ake ɗaukar ƙwayar. Ban tsaya jin sauran ba, na tashi da abin dariyata na yi gida.

Bayan 'yan makonni taubashiyata ta zo kitso, alhali ba buki ba salla. Ta raɗa mini cewa in mun gama tana da magana da ni. Rumfa cike take. Na ɗora kanta bisa gwiwata, fuskarta na kallon ƙasa, na fara tsaga. Sai wata ta ɗauko zancen awon nan. Nan take bakina ya yi abin da ya saba. Na ce ai wannan tsinken tonon asiri ne, duk wadda aka kira a tarho bayan awon aka ce ta koma likita, to ko ita ko maigidanta wani ya yi yawo. Ban tsaya nan ba, na ja gashin taubashiyata na ce na ji ita ce ta farko a layi, bari mu ga tsarabar da mutumin Abijan ya kawo mata. Rumfa ta kece da dariya, har da masu tafi. Na ji wuyanta ya sandare a hannuna, wallahi na ji, amma sai ta yi dariya ita ma, ta ce in sassauta hannu ina ja mata kai. Da muka gama na tambaye ta maganar, ta ce ta manta.

Sunan ya bi gari. Waɗanda ba su yi awon ba suka fasa, waɗanda aka kira suka yi shiru da bakinsu. Ni ko a jikina, har alfahari nake in na ji ana faɗinsa a bakin rijiya.

Shekaru suka shuɗe, ta fara rama, jini na zuwa mata ba lokacinsa ba. Muka ce sanyi ne, ni da kaina na sayo mata saiwoyi a kasuwar Konni. Sai ranar da ta faɗi a garka aka kai ta likita, daga nan aka tura mu Tawa, daga Tawa sai Yamai. Aka ce ciwon dajin ne, kuma ya yi nisa. Ni na zauna jinyarta. Can ne wata safiya, ina shafa mata mai a ƙafa, ta gaya mini maganar da ta ce ta manta. Ashe kafin ranar kitson nan an kira ta, an ce an ga ƙwayar, ba daji ba ne, ta zo a duba ta. Tsoro ya kama ta, ta zo wurina in raka ta, don ni ce mai ido da bakin yi wa mutanen likita tambaya. Ba da fushi ta faɗa ba, kamar tana ba ni labarin wata. Na fita na sami ungozomar wurin na tambaye ta. Ta ce ƙwayar nan ta zama ruwan dare, takan yi shekaru a jiki ba alama, ba ta nuna wa ya yi me. Ta ce da taubashiyata ta je tun lokacin, da wataƙila ɗan ƙaramin aiki za a yi mata ta koma gida ranar. Kaito, sauran bayanin da na ƙi tsayawa in ji ke nan.

Na koma na durƙusa na roƙe ta gafara ina kuka. Ta ce ba a neman gafara tsakanin taubasai, in tashi in daina yi mata hawaye a zane. Har ta tsokane ni, wai in shirya yi mata kitson salla. A lokacin maganin da ake ƙara mata ya zubar da gashin duka.

Na yi awon da hannuna bayan mun dawo, ban ji ko zafi ba. Yanzu duk wadda ta ɗora kai bisa gwiwata sai ta ji bayaninsa daga farko har ƙarshe. Amma sunan da na raɗa ya fi ni gudu, har yau ina jin shi a bakin 'yan matan da ba su san ni na ƙago shi ba. 'Yan uwana mata, in an kawo muku tsinken nan ku karɓa, in an kira ku ku je, in wata ta ce ku raka ta ku ɗauki mayafi. Masu baki irin nawa kuma ku sani, wadda ta yi dariya don al'ada ta hana ta fushi, ba ku san abin da ta haɗiye ba. Taubashiyata tana gida yanzu, tana kwance. Duk Juma'a nakan je da tsinken kitsona kamar yadda muka saba, in zauna in ɗora kanta bisa gwiwata, in ɗaura mata kallabi.