Akuyarmu da Ihramin Baba Hindi

A shekarar 1965, bayan ƙaramar Sallah da kaɗan, na dawo daga ɗebo ruwa da garwa a kai, sai na tarar da akuyarmu a tsakiyar lungu tana tauna wani farin ƙyalle, idonta a lumshe don daɗi. Akuyoyin Makka ba su san ciyawa ba, takarda da tsumma ne abincinsu, saboda haka ban damu ba sai da na ga maƙwabcinmu ya fito da gudu ba takalmi yana salati. Wani tsoho ne mutumin Indiya mai sayar da kayan yaji, mu yaran unguwar Tandabawi muna ce masa Baba Hindi. Mayafin ihraminsa ne ya wanke ya shanya, ga aikin Hajji na matsowa, akuya ta cinye rabi ta yayyaga saura.

Kakata Hajiya Asabe, wadda ta zo Makka a ƙasa ta hanyar Sudan kuma ba ta jure abin kunya, ta aiki babana kasuwa ya sayo sabo fil. Baba Hindi ya shafa shi, ya yi godiya, ya mayar. Kaka ta hau faɗa, ta ce wannan raini ne. Sai tsohon ya zauna a bakin ƙofarmu, da guntun Larabcinsa da taimakon hannu, ya ba mu labari. Ubansa masaƙi ne, kakansa ma haka. Turawan Ingila sun fara shigo musu da ma'auni a matsayin kamfanin fatauci, daga baya kamfanin ya yi soja, daga ƙarshe sarauniyarsu ta ce ƙasar tata ce. Wasu wurare suka riƙe da kansu, wasu suka bar sarakuna a kan karaga da Bature a gefe. Audugar ƙasar a kwashe ta a jirgin ruwa, a dawo musu da ita yadi, har masaƙa suka zauna ba aiki. Gishiri ma sai da aka sa masa haraji. Yana saurayi ya jefa rigarsa ta kanti a wutar da aka hura a dandalin garinsu, ya rantse ba zai ƙara sa tufa ba sai wadda hannu ya kaɗa ya saƙa. Turawan sun daɗe da tafiya, amma rantsuwa tana nan. Idan bai sami mayafi ba, ko ya karya ta, ko Arfa ta wuce shi, ga shi ƙarfinsa ya fara ƙarewa.

Kaka ta riƙe baki. "Ashe Nasaran namu ne suka biyo ta wajenku! Mu ma sarki a gaba, Razdan a baya." Ta tashi ta farke matashin kanta, ta zazzage audugar a faifai, ta kira shi baffa da Larabci, ta ce, "Yalla, ya Ammi, akuyarmu ta ci, hannunmu zai biya."

Ban taɓa ganin gidanmu ya yi daɗi irin na makonnin nan ba. Matan unguwa suka tono mazaransu da suka manta a ƙasan akwati, Kanawa da Sakkwatawa da mutanen Damagaram, kowace tana cika baki cewa zaren garinsu ya fi. Da safe mu yara mu yi tallan gyaɗa a hanyar masallaci, da la'asar mu zauna shiɓa, auduga a gashinmu har cikin hanci. Kaka ta shafa mini alli a yatsu ta koya mini kaɗi, zarena ya fito wani wuri siriri wani wuri kamar igiyar guga, aka yi ta yi mini dariya. Hannun Baba Hindi yana rawa, ba ya iya kaɗi, amma da ya haɗa masaƙa da katakon akwatunan shayi ya zauna a gabanta, rawar ta tsaya. Yana saƙa yana waƙa da harshensu, matan suna amsawa da tasu, akuya kuwa tana ɗaure tana harararmu.

Ranar da ya gama, ya kira ni ya nuna mini bakin mayafin. Zarena ne a wurin, da kumburinsa da komai, bai yar ba. Na ji daɗin da har yau ban san inda zan ajiye shi ba. Da shi ya hau Arfa a shekarar, babana da ya je aikin raba ruwa ya ce ya hango shi cikin dubban fararen kaya, nasa ne kaɗai mai kaushi mai launin madara, yana tafe yana taƙama kamar ango.

Yanzu lungun namu babu shi, dogayen benaye sun hau kansa. Ihrami a leda ake sayar da shi, fari tas, ba wanda ya san hannun da ya taɓa shi. Jikokina Larabci suke yi, mazarin Kaka kuma suna ɗauka abin wasa ne. Wani lokaci nakan ɗauko shi in murza, ko da babu auduga. Yatsuna ba su manta ba.