Ranar da surukina ya same ni da jirgin kwali

Ina da shekara arba'in da ɗoriya, ina koyar da lissafi a kwaleji a Matameye, lokacin da na kamu da son haɗa jirgin sama jannati na takarda. A wayar wani abokin aiki na ga fim ɗin mutanen da ke yawo tsakanin taurari, sai na ji ina son in ƙera nawa jirgin, mai siffar da ba ta kowa ba.

Na farko da kwalin sukari na yi shi, hancinsa ya karkace kamar bakin shaho. Na biyu ya tsaya daidai, amma da damina ta kama sai kwalin ya sha sanyi, fikafikan suka langaɓe. A na uku ne na gane in soka tsinken tsintsiya cikin kowane fiffike, in bar manna da kol ɗin kanti in koma ƙaro, in naɗe takarda kan bik na rubutu don bututun wutar baya ya fito a mulmule. Duk wannan a ƙuryar ɗaki nake yi, ƙofa a rufe. Maiɗakina kaɗai ta sani, ita ma takan girgiza kai ta wuce.

Wata Asabar da hantsi zafi ya kore ni zuwa tsakar gida. Na baje a tabarma daga ni sai shimi, na gama manna fiffiken ƙarshe. Daɗi ya ɗebe ni, na miƙe na ɗaga jirgin sama da kaina, ina zagaya turmi ina yi masa ƙugin inji da baki. Ina juyowa sai ga mahaifin maiɗakina tsaye a bakin zaure, da sandarsa da ƙullin gyaɗa. Daga Kurni ya zo, ya yi sallama ban ji ba.

Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na durƙusa da jirgin a hannu, na rasa inda zan ajiye shi. Ya amsa gaisuwata kamar bai ga kome ba, ya wuce wurin 'yarsa. Daga baya ta gaya mini ya tambaye ta ko lafiya nake, ita kuma don ta rufa mini asiri ta ce aikin lakwal ne, wato makarantar da nake koyarwa, manya suka sa ni.

Ashe maganar ta bi shi gida. Da muka je suna Kurni bayan girbi, tun daga bakin gari ake yi mini sannu da aikin jirgi. A ƙofar gida dattawa suka matsa mini wuri a tabarmarsu, abin da ba a taɓa yi mini ba. Wani Alhaji ya tambaye ni ko gwamnati ta tsai da ranar tashinsa, wani ya ce Allah ya sa har Makka zai riƙa zuwa. Surukina na gefe yana jan carbi, fuskarsa fal farin ciki. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini hula, ina ta amin, amin, kaina a ƙasa.

Bayan la'asar na same shi shi kaɗai a inuwar rumbu. Na cire takalmi na tsuguna nesa kaɗan.

"Baba, abin nan da ka gani, ba aikin lakwal ba ne. Wasa ne kawai nake yi. Ba ya tashi, ba zai taɓa tashi ba."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can ya tambaye ni ko yana hana ni zuwa aiki ko salla, na ce a'a. Ya gyaɗa kai.

"To, Malam, ni na faɗa wa mutane, ni zan warware. Amma ka riƙa sa riga."

Ya warware ɗin kuwa. Ban san me ya ce musu ba, na dai ga zuwana na gaba ba wanda ya matsa mini a tabarma, matan gidan kuma suna ganina suka shige ɗaki suna ƙunshe dariya a mayafi.

Wata da watanni ban taɓa almakashi ba. Maiɗakina ce ta fara ajiye mini kwalin shayi a kan tebur, har na koma. Yanzu ina kan na bakwai, mai zagayayyen ciki kamar faifai, ƙafafunsa na saukowa har yanzu sun ƙi tsayawa. Surukina bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. In ya zo Matameye ina gaishe shi in fice, sai ya tafi nake dawowa gida.