Ƙusoshin Watan Agusta

Dachung ya yi shekara ashirin yana kanikanci a Bukuru kafin ya sauka unguwar Flatbush a New York, inda wani tsoho mai gyaran fiyano ya ɗauke shi aiki. Da tsohon ya rasu, ya gaji jakar kayan aikinsa, ya ƙara da abin da babu a cikinta, wato tabbacin cewa duk New York ba mai hannu irin nasa. Akwai ma'aunin da ake gwada ƙarfin riƙon ƙusa da shi. Nasa yana kicin, da shi ake tokare taga.

Shi fiyano, kowace waya a jikin ƙusa take naɗe, ƙusar kuma a cikin katako take. In ramin ya saki, sai a sa mai kauri, ko yaron shago ya san wannan.

Da aka kira 'yarsa Hadassa gwajin shiga makarantar kiɗa a watan Fabrairu, sai ya samo tsohon fiyano, ya ce zai sabunta mata wayoyinsa kaf ta riƙa koyo a gida. Watan Agusta ne, iska ta cika da laima, katako ya sha ya kumbura. Ya murɗa ƙusa ɗaya, ya ji ta kama gam.

"Lamba biyu," ya ce wa Yacouba, ɗan Nijar mai sayar da kayan.

"Maigida, ɗauki ƙusa lamba uku, ta fi kauri. Hunturu na tafe, katakon zai bushe."

"Kai da ka zo jiya?"

Shekarar Yacouba goma sha takwas a garin.

Wata biyu Dachung ya yi yana buga ƙusa ɗari biyu da talatin, duk wanda ya leƙo sai ya sha bayani. A Disamba aka kunna hita don ɗumama gida, katako ya bushe, ramuka suka buɗe. In ya ɗaure wayoyi da safe, kafin la'asar sautin ya zube. A cewarsa, laifin mai gidan haya ne, laifin kamfanin waya ne, har maƙwabtan sama sun sami rabonsu. Hadassa dai kullum ya dawo yana samunta tana kaɗawa.

Ranar wata Talata ya dawo da azahar, ba ta zata ba. Ya tarar da ita a teburin cin abinci, idonta a rufe, yatsunta suna gudu a kan katakon da ba ya ƙara. Fiyanon yana gefe a rufe.

"Tun yaushe?"

"Tun Kirsimeti. Yana ɓata mini kunne."

"Me ya hana ki faɗa?"

Da Turanci ta saba amsa masa, amma yau da gurguwar Hausarta ta ce, "Baba, wata biyu ka yi a kai."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Gwajin saura kwana tara, ba za su ishe shi sake ƙusoshin ba. Ya ɗauki rigar sanyinsa, ya tafi roƙon fasto makullin coci, inda wani ne daban yake gyara musu fiyano.