Fayil Ɗin Rhoda Ya Tafi Katsina

Shekara goma sha ɗaya teburina yana kallon na Mama Rhoda a ɗakin ajiye fayil na ofishinmu da ke Kakuri, kuma in faɗa muku gaskiya, matar nan tana da wuyar zama. Ba wai masifa gare ta ba. Ita dai ba ta yarda a lanƙwasa gefen takarda, ba ta yarda a lashi yatsa a buɗe shafi, ba ta yarda a ajiye kofin shayi kusa da fayil. Ranar da na kama aiki na ci ƙosai na ɗauki wani fayil, sai ta tura ni famfo na wanke hannu da sabulu, ni Talatu da 'ya'yana biyu a lokacin. Na yi kwana uku ina jin haushinta.

'Yar Zonkwa ce, amma a Kakuri ta tashi, don mahaifinta Baba Jethro aikin masaƙa ne ya kawo shi Kaduna. A shekarar 1979, da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, aka yi sanarwar ɗaukar akawu. Masu neman aiki suka yi ta tururuwa wurin masu tafireta a bakin gidan waya, a buga musu takarda iri ɗaya, suna kawai ake canzawa. Baba Jethro ya hana ta zuwa. Ya ce in mutum yana neman aikin rubutu, to ya nuna rubutunsa. Ta zauna a kan tabarma da rula da alƙalamin tawada, sai a kwafi na bakwai ta samu wadda ba gyara ko ɗaya.

A wurin intabiyu wani dattijo mai furfura ya ɗaga takardar ya ce, "Wa ya rubuta miki wannan?"

Ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe."

Ya miƙa mata alƙalami da farar takarda ya ce ta rubuta sunansa. Ta rubuta. Bai ƙara yi mata wata tambaya ba, ranar Litinin ta fara aiki.

Aikin kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Duk wanda aka ɗauka aiki ana buɗe masa fayil, a rubuta sunansa da lambarsa da ranar da ya fara a bangon, wanda ya buɗe kuma ya sa haruffan sunansa a ƙasa ta gefen dama. Ita R.J. take sawa. Abin da ta yi ke nan shekara ashirin, kuma ban taɓa jin ta ce ya ishe ta ba. Da ƙafa take zuwa daga gida, da kular faten acca a jaka, ta iso kafin masinja ya gama shara. Mijinta direba ne a matatar mai ta wajen Rido, 'ya'yansu huɗu duk sun yi makaranta, ranar Laraba da yamma tana zumuntar mata a coci. Wasu da suka shiga bayanta sun wuce ta sun zama oga, ko a jikinta. Takan ce mini, "Talatu, kowa da teburinsa. Ni nawa ya ishe ni."

A 1999 farar hula suka sake dawowa, sai aka ce za a tantance ma'aikata a tsame na bogi, waɗanda suna ne kawai a takarda. Kowa ya zo da ainihin takardarsa ta ɗaukar aiki. Wanda bai kawo ba za a cire sunansa, ba albashi, ba fansho. Mama Rhoda ta samu abin yi. Mako guda tana bin mu tebur-tebur, "Ban faɗa muku ba? Na sha gaya muku ku adana takardunku, kuna cewa na cika surutu."

Ranar Litinin ta shigo ba ta duba tsabtar hannun kowa ba kamar yadda ta saba. Ta zauna, ta zaro ambulan daga jaka ta zazzage a gabana. Wasu guntayen takarda ne da gari-gari. Ashe takardar tata tana ƙasan akwatin ƙarfe, naɗe cikin zanin aurenta, gara ta shiga ta inda tsatsa ta ci, ta cinye zanin da takardar gaba ɗaya. Tambarin gwamnati da rabin kwanan wata kawai suka rage.

Allah ya yafe mini, dariya na fara yi. Da na ga idonta sai na haɗiye dariyar. Na ce, "To Mama, ai akwai kwafi a fayil ɗinki."

Ta girgiza kai. A 1987, da aka raba jiha aka fitar da Katsina, an loda fayilolin waɗanda za su koma can a babbar mota. Ita ce ma ta jera su, amma a wurin lodi nata ya bi ayari ya tafi. An buɗe mata na wucin gadi, siriri, ba komai ciki sai takardun hutu. Kullum tana cewa za ta bi sawu, kullum aikin wani ya sha gabanta, har shekara goma sha biyu.

Na matso kusa na rage murya. Na ce akwai wani a bayan kasuwa mai tsohuwar tafireta, yana buga takarda ya jiƙa ta da ruwan shayi ta yi kamar ta shekara ashirin.

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Talatu, kina jin abin da ke fita daga bakinki kuwa? In kai musu takardar bogi don in nuna ni ba ta bogi ba ce?"

Kunya ta ishe ni.

Ranar Alhamis da hantsi aka kira sunanta. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Mutum uku ne a teburin, shugabansu Mista Monday, darakta daga wata ma'aikatar, mai tumbi da jan biro a hannu. Ta zazzage ambulan ɗin. Ɗaya daga cikinsu ya ƙyalƙyale da dariya, ni kuwa da zan iya da na mare shi, duk da cewa ni ma na yi mata dariyar.

Mista Monday ya ce, "Madam, sai haƙuri. Umarnin da aka ba mu a fili yake. Ba takarda, ba fayil, ban ga abin da zan kama ba." Ya cire murfin biron.

Ta ce, "Yallaɓai, a ba ni minti biyar."

Ta fita ba gudu ba sauri, ta dawo da wani tsohon fayil da ya yi ja, ta hure ƙurar ta ajiye masa. Nasa ne. Ashe a ofishinmu ya fara, ƙaramin akawu, kuma da aka canza masa wurin aiki tsohon fayil ɗinsa da aka rufe ya tsaya a kabad ɗinmu. Ga sunansa a bango, ga watan Fabrairu na 1981, ga R.J. a ƙasa.

Ta ce, "Ni na buɗe maka. Ka zo da farar riga mai gajeren hannu, da takalmin yayanka da ya yi maka yawa, ka cusa jarida a ciki."

Ya daɗe yana kallon bangon. Sai ya yago farar takarda ya miƙa mata biro ya ce, "Rubuta sunana." Ta rubuta, ya jera su gefe da gefe. Ko makaho ya shafa zai san hannu ɗaya ne. Ya aike ni na kwaso fayiloli goma na 1979 da 1980, duk R.J. Yana cikin buɗe su ya kai yatsa baki zai lasa.

Ta ce, "Yallaɓai, yatsa."

Ya sauke hannun da sauri kamar ɗan firamare. Sannan ya miƙe tsaye, da tumbinsa da komai, ya ce, "Mama, ki yafe mini, ban gane ki ba." Ya rubuta a gaban sunanta cewa an tabbatar da ita, a ba ta sabuwar takarda, a kuma buɗe mata cikakken fayil. Ni dai daga bakin ƙofa hawaye na share, don na ji daɗi har cikin raina.

To wa ke buɗe fayil a ofishinmu? Washegari na tarar da ita zaune da sabon bango a gabanta, ta yi kusan awa ɗaya ba ta taɓa shi ba. Ta buɗe wa mutum ya fi dubu, nata wani ne ya buɗe tun tana budurwa. Can ta ɗauki rula ta ja layi, ta rubuta Rhoda Jethro a hankali, ta sa lambarta, ta sa 1979. Da ta zo ƙasa ta gefen dama sai ta tsaya. Mutum ba ya sa hannu a fayil ɗin kansa, haka ƙa'idar take. Ta juyo da bangon wajena, ta ɗora alƙalaminta a kai, wanda ko aronsa ba ta taɓa ba kowa ba.

Na miƙa hannu zan ɗauka, sai ta dafe shi.

Ta ce, "Je ki wanke hannu tukuna."

Na je famfo na wanke, da sabulu, har sau biyu.