Hujin da Na Toshe a Tukunyar Hajiya Luba

Cikin shekara talatin da ɗoriya da na yi ina aikin lambu, akwai ranar da har gobe ban manta da ita ba: ranar da na dafa gindin wata shuka yatsana ya nutse ciki kamar na taɓa ruɓaɓɓiyar gwanda. Tunda kun ce in ba ku labari kafin in ajiye aiki, wannan zan ba ku, ko da yake ba ni ne gwanin cikinsa ba.

A lokacin shekarata biyu da kama aiki, ina mataki na biyu, lebura mai ban ruwa a sashen renon itatuwa na ma'aikatarmu a Birnin Kebbi. Tsarin shi ne heluma, wato shugaban leburori, yake raba aiki kowace Litinin: wasu su zauna a gandun reno, wasu a tura su gidajen manyan ma'aikata. Wanda ya yi ɓarna a ba shi takardar tuhuma, kuma sabon lebura da takarda ta shiga fayil ɗinsa sai ya daɗe bai ga ƙarin girma ba. Helumanmu Baba Nomau ne, tsoho mai tsadar magana. Wata Litinin a farkon Afirilu ya tura ni unguwar Badariya, gidan daraktarmu, Hajiya Luba, saboda za ta tafi kwas na wata biyu.

A barandarta na tarar da tukwane wajen ashirin. Akwai murtsunguwa masu ƙaya, dogaye da dunƙulallu, akwai alobera, da wasu masu kaurin ganye da ban san sunansu ba. Uwarsu duka ita ce wadda mutanenmu ke kira kariya, mai kumburarren gindi kamar tulu da gajerun rassa, babu ganye ko ɗaya a jikinta. Hajiya ta ce mijinta ne ya dasa ta shekarar da suka yi aure, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa bara waccan. Ta ce sauran duk za a iya samun wasu, amma ban da wannan. Sannan ta nuna mini wani ɗan kofin roba, ta ce cikinsa ɗaya ga kowace tukunya, sau ɗaya a mako biyu, kada in ƙara.

Na ce to, amma a zuciyata na ce wannan ai rowa ce. Ni ɗan Gulma ne, cikin fadama aka yanke mini cibi. Tun ina yaro na san shinkafa da ruwa take rayuwa, kuma an koya mana shayar da mai rai sadaka ne. Ga bazarar Kebbi ta kankama, kwalta har narkewa take yi, sai a ce in ba halittar Allah kofi guda a mako biyu? Na yanke hukunci cewa Hajiya boko ta sani, noma kuwa sai mu.

Da na leƙa tukunyar kariyar sai tausayi ya ƙara kama ni. Yashi ne da tsakuwa da gutsuren gawayi, babu ƙasar kirki ko cikin tafi. Na zuba ruwa, kafin in ɗago kai ya zurare ta wani huji da ke ƙasan tukunyar. Mu kuwa a fadama idan ruwa yana tserewa daga fangali toshewa muke yi. Ranar Asabar na je gida na ciko buhu da baƙar laka da takin shanu. Na zazzage yashin nan, na liƙe hujin da yumɓu, na mayar da kariyar cikin laka, na dinga ba ta ruwa safe da yamma har ya kwanta a sama. Allah ya taimaki sauran, lakata ba ta kai gare su ba. Ita da aka fi so ita na fi yi wa gata.

Makon farko har ganye ta fitar, na riƙa jin kaina kamar malamin gona. A mako na huɗu ganyen ya yi ɗorawa ya zube. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Ranar wata Laraba a mako na shida na ji wari, na dafa gindin, yatsana ya shige. Garin gyaran gira na tsone ido.

Na hau kekena na tafi gandu wurin Baba Nomau. Kafin in isa har na shirya dabara: a samo wata kariyar mai kama da ita a dasa, kowa ya huta. Ya saurare ni har na gama, ya ɗauki wuƙarsa ya ce mu tafi. Da ya kife tukunyar ya ga yumɓun da na liƙa, sai ya juyo ya dube ni.

"Umaru, shinkahwa ta anka ba ka tsaro?"

Na sunkuyar da kai. Ya wanke saiwar, ya ƙona bakin wuƙar a wuta, ya dinga yanke ruɓaɓɓen wurin har ya kai ga farin nama mai tauri. Kusan rabin gindin ya tafi. Ya gargaɗe ni kada ruwan jikinta ya taɓa mini ido, yana da dafi. Ya shafe yankan da toka, ya ɗaure ta da igiya ya rataye a inuwar baranda, ba ƙasa ba ruwa. Na ce ai sai ta mutu. Ya tambaye ni yadda ake yi wa albasa idan an cire ta. Na ce a inuwa ake shanya ta ta sha iska, in ba haka ba ta ruɓe a rumbu. Ya ce to ashe na sani.

Yana cikin yankan ya nuna mini wani tsohon tabo a ɗaya gefen gindin, faffaɗa, ya warke ya yi ɓawo. Ya ce wuƙa ta taɓa bi ta nan. Maganar musanya kuwa, sai da zai hau babur ya amsa ta. Ya ce shuka za ta iya ruɓewa ta warke, amma ma'aikacin da ya yi wa uwargijiyarsa ƙarya a kan abin mamaci, shi bai san tokar da ake shafa masa ba.

Kwana goma sha biyu tana rataye, ni kuma ko abinci ba na jin daɗinsa. Ba takardar tuhuma kaɗai nake tsoro ba. Kunya nake ji, an ba ni amanar abu ɗaya tak na kasa. Hajiya ta dawo ranar Lahadi da la'asar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka na tsaya a barandar na jira ta. Tana shigowa ta ga tukunya wayam, ta ɗaga kai ta ga kariyar mijinta tana lilo a igiya. Jakarta ta ajiye a hankali.

Na durƙusa na faɗa mata komai, lakar da takin da ruwan safe da yamma. Da na zo kan hujin sai ta tare ni.

"Toshe shi kay yi?"

"Da yumɓu, ranki ya daɗe."

Sai ta zauna a kujera ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka ne, kuma akwai kukan, amma da dariya a ciki. Da ta natsu ta juya kariyar ta ɗora yatsa a kan tsohon tabon nan.

"Ka ga wanga? Aikin Alhaji na. Shi da tsumma yat toshe nashi. Mutumin Argungu na, ɗan hwadama irinka. Wata ukku ina mai dariya."

Ta ce tun rasuwarsa ba ta tuna shi ta yi dariya ba sai ranar. Takarda dai ba ta rubuta ba, amma ta yanke mini hukunci: ni zan ci gaba da kula da ita har ta yi fure, da kofin nan, ba da bokiti ba.

Muka mayar da ita cikin yashi da gawayi, huji a buɗe, muka ƙara mako guda kafin ta ga ɗigon ruwa. Na yi noman fadama, na yi dashen dubban itatuwa, amma ban taɓa aiki mai wuya kamar tsayawa gaban tukunyar nan da ruwa a hannu in wuce ba. Na koyi tura yatsa cikin yashi, in da sauran danshi in haƙura. Da damina na janye su duka inda feshi ba ya kaiwa. Bazara na zagayowa, wata safiya na tarar da jajayen furanni biyar a kan rassan da babu ganye. Na yi ta ƙwala sallama har Hajiya ta fito ba takalmi.

Abin da na ɗauka daga nan shi nake so ku riƙe. Yawancin shukar da ke mutuwa a hannunmu ba mugunta ke kashe ta ba, hannun mai tausayi ne da bai yi tambaya ba. Kafin ka ba abu abin da kake da shi, ka san abin da yake bukata, kuma idan an ba ka umarnin da ya yi maka kama da rowa, tambayi dalili kafin ka gyara. In ka yi ɓarna kuma, kai ta da bakinka. Baba Nomau da Hajiya ba su tashi wulaƙanta ni ba, shi ya sa ni ma ban taɓa rubuta wa yaron da ya kawo laifinsa da kansa takarda ba.

Da Hajiya za ta yi ritaya ta yanko mini reshe ɗaya. Yana gidana a Gulma yanzu, gindinsa ya kai tulu, yana zaune cikin yashi, fadama na kallonsa ta kan katanga. Kwanan baya na kama maiɗakina ta nufe shi da buta, wai ya ba ta tausayi. Na karɓi butar, na zaunar da ita a tabarma, na ɗaga tukunyar na nuna mata hujin.